Miyar Jacob ta Ƙarshe

Ranar da Baba Jacob zai rufe rumfarsa, ita ce ranar da shugaban makarantarmu ya ga ta dace ya tara malamai a kan maganar tsintsiya. Wai ana sayowa suna ɓacewa. Mutumin nan idan ya samu kujera da masu sauraro, to sai dai a yi haƙuri, don ba ya sanin rana ta yi sai cikinsa ya gaya masa, shi kuma cikin nasa ya cika shi da waina tun da safe. Ni kuwa ko koko ban sha ba, na bar cikina fili saboda abin da ke jirana a bayan kasuwar kifi.

Baba Jacob Bakambare ne daga wajen Wara. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin kuku a gidan wani injiniya Ba'indiye a Kainji, kuma matar gidan ce ta koya masa girki da hannunta. Da za su koma ƙasarsu ta bar masa dutsen niƙanta, wani baƙi mai nauyin tsiya. Da dutsen nan ya zo Yelwa ya kafa rumfa, mutane suka sa mata suna Gidan Indiya, ko da yake ban taɓa ganin Ba'indiye ya leƙa ta ba. Kullum abinci iri ɗaya yake yi, miyar kifi da 'yar siririyar gurasar nan da yake kira capati, wadda ake ɗauko maka daga kan kasko tana huci.

Miyar ce abin magana. Giwan ruwa yake sa mata, na ranar, ba wanda ya kwana ba. Albasar Yauri ce a ƙasa, ya soya ta har ta narke, sai tafarnuwa da citta da kurkum da hulba da tsamiya, da wasu ƙananan ƙwayoyi da yake watsawa cikin mai su yi ta fashewa. Barkonon kuwa ba irin na masu suya ba ne da zai mare ka a baki ya wuce. Wannan sai ka haɗiye ka ce ai ba komai, sannan ya taso maka daga ƙirji, ya bi ta kunnuwa, ya sauko ta hanci. Ka ga ƙato da gemunsa yana hawaye yana miƙa kwano a ƙara masa. Ni ne ƙaton nan, kowace Alhamis, shekara da shekaru.

Matata Zulai'atu ta gwada yi mini irinta a gida. Ta sayo garin kori na leda ta zuba, ta ƙara attarugu har yara suka gudu maƙwabta. Na ci na yaba, don ina son zaman lafiya, amma ita ma ta san ba ita ba ce. Na roƙi tsohon ya gaya mini abin da yake niƙawa, ya ce idanunsa ba su auna komai, hannunsa ne ya sani, in je in tambayi hannun. Na roƙe shi ya riƙa zuba mini a kula in kai gida, ya ce abincinsa ba ya zuwa wurin mutum, mutum ke zuwa wurinsa. Taurin kai dai Allah ya ba shi, kuma mun jure, don ba mu da wani Jacob ɗin.

To sai yanar ido ta rufe masa gani, hannun ma ya fara rawa. 'Yarsa Laraba, wadda take aikin jinya a Wara, ta ce ba za ta zauna ta ji labarin ya faɗa cikin tukunya ba, gida zai koma. A Alhamis ɗin da ta wuce ya gaya mini cewa mai zuwa ita ce ta ƙarshe, tukunya ƙarama zai ɗora, zai ajiye mini kwanona. Ya ja mini kunne in zo da an sallame azahar, kada in wuce haka. Ya maimaita har na ji haushi, amma ban tambaye shi dalili ba.

Aka sallame azahar, muka koma kan tsintsiya. Wani malamin lissafi, da ban san me na tare masa a duniya ba, ya ɗaga hannu ya ce ai ba tsintsiya kaɗai ba, har da bokitai. Na dube shi, ya kau da kai. Sai da rana ta karkata sosai aka yi addu'a aka tashi. Na fito a guje na tare ɗan kabu-kabu, shi kuma ya ga dama ya tsaya shan mai a hanya.

Da na isa, da ƙyar na gane wurin. An cire rabin kwanon rufi, an naɗe zanar da ta raba rumfar da ɗan lungun da ke bayanta, inda nake zaton itace yake ajiyewa. Benci ɗaya ya rage da tebur ɗaya. Wata akori-kura tana tsaye a bakin hanya, wasu ƙarti biyu suna loda kaya, Laraba tana tsaye a kansu da ɗankwali ɗaure a ƙugu tana cewa su yi sauri, ba ta son dare ya yi musu a hanyar Wara. Amma ƙamshin yana nan. Tun daga bakin hanya ya tarye ni, na ji duk haushin tsintsiya ya sauka.

Baba Jacob ya gane ni da murya. Bai amsa gaisuwata da kyau ba, ya ce wannan ce azahar ɗin a makarantar boko? Na ba shi haƙuri. Ya yi tsaki, ya leƙa hanya da idon da ba ya gani, ya ce in zauna in ci da hanzari. Ni ban ga abin hanzari ba. Na yi niyyar in ci abincin nan a hankali, in tsotse kowace ƙaya, don in samu abin tunawa idan na tsufa.

Ya dire mini kwanon. Miyar ta yi ja-ja-ja, mai ya taso a gefe, ga gunduwar giwan ruwa daga tsakiyar kifi, wurin da ya san na fi so. Na wanke hannu, na naɗe hannun farar rigata, na yago capati, na dangwalo har da ɗan tsokar kifi. Na yi bisimilla. Lomar tana tsakanin kwano da bakina na ji sallama, kuma muryar da na ji ko a mafarki na san ta.

Alhaji Mainasara ne, mahaifin Zulai'atu.

Duk wanda ya auri 'yar mutane ya san abin da ya same ni. Tun da aka ɗaura mana aure, ko ruwa ban taɓa kurɓa a gaban mutumin nan ba, shi ma bai taɓa tauna komai ina kallo ba. Akwai ranar da ya shigo mini ba zato a wurin wani suna ina da ƙosai mai zafi a baki, na haɗiye shi ɗungurungum, na yi kwanaki ina jin sa a maƙogwaro. Dattijo ne mai kamun kai, babban dillali a kasuwar kifi, wanda idan ya yi gyaran murya masu kwale-kwale suke rage tasu. Ban taɓa kawo shi a raina tare da rumfar abinci ba.

Na zame daga benci na durƙusa, na maida hannun dama baya da lomar a ciki. Takalmi ma a durƙushen na tuɓe shi. Shi kuma ya yi turus a bakin rumfa, ya dubi inda zanar nan take a da, ya ga babu ita. Na ga fuskarsa ta canza, amma na ɗauka rana ce ta dake shi.

Muka shiga gaisuwa. Ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, don Zulai'atu ce 'yarsa ta fari, ba ya kama sunanta. Ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi kasuwa, na tambayi ruwa ko ya fara ja baya, na tambayi surukata Inna da ciwon ƙafarta. Muka gama muka sake ɗaukowa daga farko. Duk wannan abin, miya tana bin tafin hannuna tana gangarawa cikin hannun riga, ina jin ɗuminta har gwiwar hannu.

Ya ce ya biyo ne ya yi wa Jacob sallama, tun da shi yake ba shi kifi tun zuwansa garin. Na ji sanyi a raina. Na ce ni ma abin da ya kawo ni ke nan, kwanon nan kuwa na wani ne da ya tashi yanzu. Ya ce Allah sarki. Na yi lissafin cewa sallama ba ta wuce a yi musabaha a yi addu'a, ya kama hanya, ni kuma in koma kan abincina kafin mai ya daskare. Sai na ga ya tattara babbar rigarsa ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

Baba Jacob yana tsaye da ludayi yana sauraronmu. Ya ja dogon numfashi, ya koma wurin murhu, muka ji yana kankare gindin tukunya. Ya dawo da kwano na biyu ya dire a gaban Alhaji, da kan kifi a ciki, da capati biyu a gefe.

"Yau kam ban da inda zan ɓoye kowa," in ji shi. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai nic ce ka zo bayan azahar, kak ƙi. Kai kuma Alhaji nic ce bayan la'asar, ka kasa haƙuri. To ga ku nan, ga abinci. Tukunya ta ƙare."

Nan na gane komai, kuma ban ji daɗin ganewar ba. Ashe lungun bayan zana ba na itace ba ne. Ashe kan kifin da nake tambaya kullum a ce mini an riga an saye, ga mai sayen nan zaune da carbi a hannu. Shekarun nan duka tsohon kukun yana kiwon mu kamar raguna biyu da ba a haɗawa a turke ɗaya, wannan ya fita ta gaba, wancan ya shigo ta baya. Wataƙila ma akwai ranakun da nake jan majina a wannan gefen zana, surukina yana jan tasa a wancan.

Alhaji bai dubi kwanon ba, bai dube ni ba. Ya dubi wata akuya da ke wucewa, ya ce, "Jacob, ka manta yau Alhamis ta? Azumi nika yi."

Na sunkuyar da kai don kada fuskata ta tona ni. Mai azumi, ga jan goro ɗanye shar a leɓensa, ga ɓarin goron ma ya kumbura masa kunci. Baba Jacob bai ga goron ba, amma ya yi wata 'yar dariya ta hanci wadda ta fi zagi ciwo. Ya ce to madalla, shi dai ya san tun jiya wani ya aiko masa da giwan ruwa mafi girma a kasuwa, ya ce a cire masa kan.

Ni ina durƙushe, ƙafafuna sun fara mutuwa. Kwano biyu a kan tebur suna tururi, tururin yana raguwa ina kallo. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Cikina ya yi wata ƙara da na tabbata an ji ta a bakin kogi, na yi tari don in rufe ta. Alhaji ya ce in tashi in zauna mana, na ce nan ma ya yi. Ya tambaye ni ko gwamnati ta biya albashi. Na ce ta biya. Ya ce madalla, ya sake tambayar yara.

Baba Jacob ya kawo shawara. Ya ce tun da benci ɗaya ne, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, ɗaya ya fuskanci kogi ɗaya ya fuskanci kasuwa, shi kuma ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, gobe ma ba ya garin. Wallahi a raina na karɓi shawarar nan hannu biyu. Amma ba ni zan fara cewa to ba, kuma Alhaji ya yi kamar da akuyar ake magana. Ya ja carbinsa, ya ce ruwan bana ya yi gyara.

Laraba ta leƙo ta ce, "Baba, kwanonin ga su kaɗai sunka rage, da tebur. Direba na ta faɗa." Ba ta san ni ba, ba ta san Alhaji ba, ta dai ga manya biyu sun sa abinci a gaba suna zancen damina. Ta dube mu yadda take duban marasa lafiyan da suka ƙi shan magani, ta koma.

Ba zan ɓoye ba, a lokacin nan haushin Alhaji nake ji, haushi mai tsanani. Ni aka ce in zo da farko. Ni na wuni da yunwa. Shi da aka ba la'asar, me ya hana shi zama a rumfarsa ya jira la'asar? Kuma tun da ya ce azumi yake, ai sai ya tashi ya tafi ya ji da azuminsa. Na ƙudurta a raina ba inda za ni, in durƙuso ne mu kwana a nan. Kunya ai ba hauka ba ce.

Sai na saci kallonsa. Idonsa ya sauka a kan kifin nan, ya ɗauke, ya sake sauka. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Hannun da ke jan carbi ya tsaya, babban yatsa yana shafa na kusa da shi, yadda mutum yake yi idan zai yagi capati. Na lura da yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ban san ya rame haka ba. Mutumin nan ya riga ni sanin miyar nan da shekaru masu yawa, kuma ba shi da sauran wurin da zai zauna shi kaɗai ya yi hawaye da majina ba wanda ya ce Alhaji lafiya.

Kada a ɗauka kirki ne ya tashe ni. Lissafi na yi. Na ga in dai ina nan ba zai ci ba, in yana nan ba zan ci ba, kuma yaro ne yake ba babba wuri. In na kauce na ɗan lokaci, zai karya azumin ƙaryarsa ya tafi, in dawo in samu nawa ko da ya huce. Miyar Jacob mai sanyi ta fi babu. Abin da ya gagare ni shi ne in ce a ajiye mini kwanona, don na riga na ce na wani ne, kuma ba a gaban suruki ake wannan maganar ba. Na yi wa Baba Jacob ido, na manta ba ya gani.

Na ce zan je in yi la'asar, na yi musu sallama, na fita da baya-baya da hannu a ɓoye. Lomar nan da ta jiƙe ta zama kamar ƙullu, ina shan kwana wata kaza ta yi tsalle ta fizge ta. Ban ma bi ta ba. Na wanke hannu a masallacin bakin kogi, na yi salla, wadda Allah ya sani rabinta kifi nake tunani. Na zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale ina kallon masu ɗinkin komar kamun kifi. Na auna lokacin da tsoho mai ragowar haƙora zai ɗauka kafin ya gama da kan giwan ruwa, na ƙara masa na tsotsar ido da na wanke baki, na ƙara masa na hira. Ban so in koma in same shi da loma a baki, in ɓata abin da na gyara.

Da na dawo, babu tebur, babu benci. Ƙartin nan biyu masu lodi suna zaune a ƙasa a inuwar mota, kowanne da kwano a gabansa. Na gane gunduwata tun daga nesa. Wanda yake riƙe da ita yana zuba mata ruwan leda yana wanke miyar a ƙasa, yana cewa wannan ai mugunta ce, wa zai ci wuta da kuɗinsa. Ɗayan ya ture kan kifin gefe, ya ce shi ba ya cin kai, ya cinye capatin gaya yana hura baki. Miyar da ta rage ya kife ta a gindin bishiya, ƙasa ta shanye ina tsaye.

Ban san lokacin da na yi kansu ba. Laraba ta tare ni, ta ce lafiya? Ta ce ita ta ga an tashi an bar abinci, ga mutane sun yi aiki tun safe, ga kwanoni tana son ta wanke ta sa a buhu, sai ta ba su. In nawa ne me ya sa ban ci ba tun ɗazu? Na kauce mata na nufi motar.

Baba Jacob yana zaune a gaban mota, da dutsen niƙansa a ƙarƙashin ƙafa, don ya ƙi yarda a sa shi a baya. Na tambaye shi Alhaji fa. Bai juyo ba.

"Kana hita ta gaba, yab bi ta baya," in ji shi. "Ko taɓawa bai yi ba. Yac ce, yaron ga tun sahe bai ci komi ba, na ji cikinai na kuka. Kira shi ya zo ya ci, ya haɗa da nawa, ni na ci rabona tun da daɗewa. Na ba Laraba lambarka ta yi ta kiran wayarka. Ina kaj je da ita?"

Na laluba aljihu. Wayar tana nan yadda na kashe mata murya tun a taron tsintsiya, ga kiran wata baƙuwar lamba jere a kai. Na ji kamar in maka ta da ƙasa, sai na tuna ban gama biyan kuɗinta ba.

Tsohon ya ce tun asuba yake niƙa, da hannun da ba ya jin maganarsa, don mutum biyu kawai, su kuma suka bar masa abinci ya huce saboda kowa yana jin kunyar a ga bakinsa yana motsi. Ya ce matar da ta koya masa girki, in ka bar mata abinci a kwano ba ta ƙara yi maka magana. Na ba shi haƙuri, ya ce in riƙe haƙurina, zai yi mini amfani. Sai da direba ya tayar da mota ya miƙo hannu ta taga, na kama. Tafin duk ya rine da kurkum. Ya ce in gaida Alhaji, suka tafi.

A ƙasa na taka har gida, don ban yarda da kaina a bayan ɗan kabu-kabu ba, zan iya faɗa da shi a kan ba komai. Ana kiran magariba na shiga. Zulai'atu ta dubi hannun rigata, ta ga rawaya tun daga wuyan hannu har gwiwa, ta riƙe baki. Ta ce yau kam da rigar ma na ci, kuma in sani kurkum ba ya fita, farar shaddar nan ta tashi daga aiki.

Bayan na yi salla ta zo da waya a hannu, fuskarta da mamaki. Ta ce mahaifinta ne ya kira ta, yana kan layi yana jira, shi da ba ya kira sai an yi haihuwa ko rasuwa. Wai ta tambaye ni wani abu, ita ba ta ma gane kan maganar ba.

"Cewa yay yi in tambaye ka, wai tsamiyar ta ji? Kuma wai kan, ka same shi da naman nan na cikin kumatu? Wace tsamiya, Malam? Kan mi?"

Gaskiya tana bakina, kuma haushin da ke cikina yana son ya fito da ita, kowa ya ji abin da na ji. In na faɗa, Alhaji zai san ya bar kan kifinsa na ƙarshe ne don a kife shi a gindin bishiya. Shi yanzu yana can yana ganin ko ba komai yaron ya ci.

Na ce ta gaya masa tsamiya ta ji daidai, ba ta yi yawa ba. Ta ce masa barkonon ya fi na kullum, sai da na yi hawaye. Kan kuwa ban bar komai ba sai ƙashi, naman kumatun ya yi laushi har yana narkewa, idon ma na tsotse. Ta ce masa na gode, Allah ya ƙara girma. Ina faɗa yawuna yana tsinkewa, ita kuma tana maimaita masa a waya tana dubana kamar yau ta fara ganina. Daga inda nake ina jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya sa ta sake faɗin wurin kumatun, sannan ya ce madalla, madalla, ya kashe.

Zulai'atu ta ajiye waya ta ce ita dai ba ta san sabuwar amanar da ke tsakanina da mahaifinta ba, amma Allah ya ɗorar. Na ce amin. Na gyara zama na tambaye ta me aka dafa.

Ta ce tuwon shinkafa ne da miyar kuka, amma ai ta san ranar Alhamis ba na cin abincin gida, balle yau da na haɗa har da kai. Nawa ta aika wa maƙwabta tun la'asar, yara kuma sun sharce tukunya. Ta miƙo hannu ta ce in tuɓe rigar ta jiƙa ta, ko Allah zai sa ta rage.